Akwatin Hayim Bital: cin amana aka yi ko ceton ilimi?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ke nan wani labari ya hana ni sakat, na ce bari in ajiye shi gabanku, tunda nan matattarar masu son tsofaffin takardu ce. Labarin ba na ƙasarmu ba ne, ba kuma na addininmu ba. Na wasu malaman Yahudawa ne a garin Safad, can kan duwatsun Galili a arewacin Falasɗinu, zamanin mulkin Turkawan Usmaniyya.

Akwai wani malami, Ishaƙ Luriya, mutanensa suna yi masa laƙabi da Ari, wato Zaki. An haife shi a Ƙudus a 1534, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a Masar a hannun kawunsa. Ya zo Safad wajen 1570, annoba ta ɗauke shi a 1572 yana da shekara 38. Ku lissafa da kanku, shekara biyu da 'yan kai kawai ya yi yana karantarwa a garin. Amma har gobe in ana maganar Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa, sunansa na cikin na farko da ake kira. Shi kansa kuwa bai rubuta abu mai yawa ba: ɗan sharhi a kan wani yanki na Zohar, babban littafin Kabbala, da waƙoƙi uku da suke rerawa a kan abincin ranar Asabar. Sauran duk da baki ya faɗe su.

Wanda ya zauna ya rubuta shi ne almajirinsa Hayim Bital, haihuwar 1542. Ya cika takardu, sannan ya kulle su. A 1575 har ya sa almajirai goma sha biyu suka sa hannu a takardar alkawari cewa daga bakinsa kaɗai za su ɗauki karatun malam, ba za su matsa masa ya faɗi abin da bai yi niyya ba, kuma ba za su fitar wa kowa ba.

To, a 1587 ciwo ya kwantar da shi har ya fita hayyacinsa. Sai wani mai suna Yosha'u bin Nun, mai ilimi kuma mai abin hannu, ya samu ƙanen Bital, Musa, ya ba shi kuɗi. Musa ya fito da takardun. Yadda ake ba da labarin, marubuta ɗari aka tara, cikin kwana uku suka kwafe shafi 600, aka mayar da na asali inda suke. Daga nan karatun ya fara yawo.

Tambayata: wannan mutumin ɓarawo ne ko mai ceto? Ni dai zuciyata tana tare da shi, zan faɗi dalili daga baya.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Malam, ɓarawo ne. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka zagaya ka saye ƙanensa? In alheri yake nufi me ya hana shi jira mai abu ya farfaɗo ya nemi izini? Ya san ba za a ba shi ba, shi ya sa ya bi ta bayan gida.

Abu Mus'ab:
Don Allah ku yi haƙuri, amma me ya haɗa mu da littattafan Yahudawa a irin wannan lokaci? Ana rushe Gaza a kan mata da yara, mu kuma muna nan muna tattauna malamansu. Namu malaman sun ƙare ne?

Shugaban Zaure:
Abu Mus'ab, zafin da ke ranka yana ran kowa a nan. Amma tun ranar da aka buɗe zauren nan muka ce duk inda tsohuwar takarda take za mu duba ta. Mun yi na Tumbuktu, mun yi na Kiristocin Habasha. Waɗannan mutanen sun rayu shekara sama da 400 da suka wuce, a ƙarƙashin sarkin Musulmi. A bar Baban Hafsa ya ci gaba, a kuma kiyaye harshe.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Abu Mus'ab, in ƙara a kan abin da Shugaba ya faɗa. Yawancin Yahudawan da suka cika Safad a wancan ƙarni zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen ne a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Hannun da ya kore su shi ne ya bi Musulmin Andalus daga baya. Daular Usmaniyya ce ta buɗe musu ƙofa, suka zauna a Safad suna sana'ar saƙar ulu suna karatu. Abin da ya faru a garin a 1948, da Larabawansa suka rasa gidajensu, wani babi ne daban mai ɗaci, Mahmud Abbas ma haifaffen garin ne. Sanin wancan ba ya goge wannan.

Sai kuma Baban Hafsa. Labarin kwafin nan ya zo mana ne ta wasiƙar wani Shelomel Dresnitz, wanda bai iso Safad ba sai 1602, shekara goma sha biyar bayan abin ya faru, kuma wasiƙunsa cike suke da labaran karamomin Luriya. Don haka ni marubuta ɗari da kwana uku ina ɗaukarsu a matsayin yadda mutanen gari suke ba da labari. Amma mu ɗauka haka aka yi. Shafi 600 a raba wa mutum 100, kowa shida ke nan. Wanda aka ba shafi shida daga tsakiyar magana, bai ga farkonta ba, bai ga ƙarshenta ba, ana kuma ce masa yi sauri kafin mai gida ya farka, wane irin kwafi zai yi? Wannan ne ya fi damuna, ba satar ba.

Malam Ɗan Zaure:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Kafin in ce komai, yara su sani: abin da ke cikin takardun nan ba aƙidarmu ba ce. Luriya ya karantar da cewa kafin halitta Ubangiji ya janye haskensa don a samu gurbin duniya, su suna kiran wannan tsimtsum, sannan haske ya zuba a wasu mazubai suka kasa ɗauka suka farfashe, tartsatsinsa ya warwatsu, aikin mutum shi ne ya tattaro shi da ibada. Ya kuma karantar da cewa rai yana dawowa a wani jikin. Mu ba mu yarda da wannan ba, Allah Ya tsarkaka. Abin da muke tattaunawa shi ne amana da takarda, wannan kuwa ya shafi kowa.

A wajenmu maganar tana da fuska biyu. Ga hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. Ga kuma Abu Huraira a cikin Bukhari yana cewa ya kiyaye mazubi biyu daga Manzon Allah (SAW), ɗaya ya baza shi, ɗayan kuwa da ya baza da an yanke maƙogwaronsa. Sayyidina Ali kuma ya ce a yi wa mutane magana da abin da za su gane. Ke nan akwai ilimin da ɓoye shi laifi ne, akwai wanda malami yake da damar ya zaɓi wanda zai ba. Bital ya ɗauki nasa a kashi na biyu. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, ƙanensa ba shi da hurumin yanke wannan hukunci, balle a kan kuɗi. Musa ya fi Bin Nun laifi a wurina. Shi aka ba amana.

Baban Hafsa:
Allah Ya gafarta Malam, na ji, kuma ban musa laifin Musa ba. Amma bari in faɗi abin da ya sa na tsaya inda na tsaya.

Kakana na wajen uba malami ne. Ya bar adaka guda cike da takardu, wasu kwafin littattafan da kowa ya sani, wasu kuma nasa ne na kansa, da hannunsa. Da ya rasu Baffanmu ya karɓi makulli ya ce ba mai taɓawa, sirrin gida ne. Na roƙa, na aika manya, na ce ko hoto kawai a bari in ɗauka. A'a. Shekara goma sha ɗaya adakar tana ɗakin soro a ƙasa, jikin bango. Bara da ruwa ya ci bangon aka fito da ita. Ina tsaye aka buɗe. Na sa hannu zan ɗaga tadarishin farko, sai ya taso da ƙasa a manne, gara ta gina gida a ciki tun daga gindi. Na ɗauki wata takarda, tsakiyarta babu, sai gefe-gefe, inda Kaka ya yi ta'aliƙi da jar tawada. Sharhin yana nan, abin da ake yi wa sharhin ya tafi. Baffa ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da babbar riga. Ban iya ce masa komai ba.

Da a ce cikin shekarun nan wani ya saci makullin ya kwafe, yau da na je na gode masa. Shi ya sa da na karanta labarin Bin Nun na kasa ganinsa a ɓarawo.

Maman Walida:
Innalillahi. Sannu Baban Hafsa. Wallahi irin wannan na gani ba sau ɗaya ba a wurin aiki.

Kuma tsoronka yana da tushe ko a labarin Safad ɗin. Girgizar ƙasa ta rushe garin a 1759, ta sake rushe shi a 1837. Takardar da take kwafi ɗaya tak a ɗaki ɗaya, ranta a bakin wuƙa yake.

Ɗan Damagaram:
Allah Ya jiƙan Kaka. Na tausaya, amma ni ma ina da nawa, kuma kishiyar naka ne. Mahaifina yana da kundi. Wani da yake zuwa ɗaukar karatu ya ara na kwana biyu, ashe ya kai an yi masa hoto. Yau yana wani gari yana rubuta wa mutane laya da sunan mahaifina, yana cewa shi aka ba izini, alhali ko Ishmawi bai sauke a gabansa ba. Mutane suna zuwa har gida suna tambayarmu. Tsoho ya rasu da baƙin cikin wannan. To ka ga ba kowane mai kwafi ne mai ceto ba.

Ɗalibar Tarihi:
Baba na Damagaram, abin da ka faɗa ya faru da karatun Luriya kusan sak. Tun shekarun 1590 wani Isra'ila Sarug ya bayyana a Italiya yana karantar da Kabbalar Luriya yana cewa shi almajirinsa ne. Masanin nan Gershom Scholem, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan wannan fanni, ya tafi a kan cewa Sarug bai zauna gaban Luriya ba, daga takardun da suka fita ya gina nasa. Wasu masanan bayansa sun saɓa masa. Ko ma dai yaya ne, Turai ta fara sanin Luriya ne ta bakin wanda Bital bai ba izini ba.

Sai kuma babbar fitina. A 1665 wani Shabbetai Zebi ya ce shi ne Almasihun da Yahudawa ke jira, mai yi masa shela, Natan na Gaza, da harshen Kabbalar Luriya yake kafa hujja. Mutane suka sayar da gidaje suna shirin tafiya Ƙudus. A 1666 aka kai shi gaban Sarkin Usmaniyya a Edirne, ya musulunta, jama'a suka shiga ruɗani. Scholem ya ce yaɗuwar karatun Luriya ce ta share wa wannan fage, wani masanin kuma, Moshe Idel, ya ce karatun bai yaɗu a cikin talakawa har haka ba. Amma malamansu sun tsorata ƙwarai: a 1756 a garin Brody suka yanke cewa kada wanda bai kai shekara 40 ba ya karanta rubuce-rubucen Luriya.

Malam Ɗan Zaure:
To ka ji, Baban Hafsa. Mai akwati ya san abin da yake tsoro.

Baban Hafsa:
Na ji Malam. Amma a duba abin da ya biyo baya. Bital ya warke, ya koma Dimashƙa ya zauna har rasuwarsa a 1620, bai daina rubutu ba, bai kuma daina ɓoyewa ba. Ya sake tsara karatun, wannan karon ya sa aka binne takardun. Su Yahudawa ba sa jefar da takarda mai sunan Ubangiji, suna da ma'ajiya da suke kira geniza, in ta cika a kai maƙabarta. Sai da wasu malamai biyu, Ibrahim Azulai mutumin Fas da Yaƙubu Semah, wani likita ɗan asalin Fotugal, suka samo su daga inda aka binne. An ce sai da suka nemi izininsa ta mafarki. Wato dai ƙarni bai zagayo ba sai da aka keta umarninsa sau biyu, kuma da abin da aka tono ɗin ne wani malami Meir Poppers ya haɗa littafin Ets Hayim, Bishiyar Rayuwa, wajen 1653, wanda shi ne ginshiƙin karatun har yau. An fara buga shi a Korets, cikin Yukren ta yanzu, a 1782. Su kansu masu girmama Bital, da littafin da ya ce a binne suke girmama shi.

Wani abu kuma da ya tsaya mini: tun 1577 akwai maɗaba'a a cikin Safad. Ba rashin hanya ba ne ya hana shi, ƙi ya yi.

Alhajin Kumasi:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni ɗansa ne ya burge ni, wanda ba ku ambata ba. Sama'ila Bital. Shi ya gaji takardun uban a Dimashƙa, ya zauna ya tsara su kashi takwas, Ƙofofi Takwas suke kiransu. Masu neman ilimi suna zuwa gidansa su karanta a gabansa, ya daɗe bai bari a fita da su ba. Bai kulle ya bar wa gara ba, bai kuma watsa a kasuwa ba. Ga hanya ta uku. An buga su a Ƙudus a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma da yawa daga malamansu na gabas sun fi amincewa da su saboda daga rubutun hannun uban suka fito kai tsaye.

Maman Walida:
Alhaji ya taɓo inda nake so. Duk wannan rikici shi ya sa rubutun hannun Bital na ainihi yake da daraja haka. Karatu ɗaya ne, amma ya fito ta ƙofa uku ko huɗu: na sata, na tono, na ɗa, ga na sauran almajirai. Wuri ɗaya ya ce kaza, wani wurin ya ce akasinsa. Malamansu sun shafe ƙarnoni suna ƙoƙarin sasanta su. Wani mai bincike, Yosef Avivi, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana tantance wanne aka fara rubutawa, wanne ya biyo, ya fitar da mujalladi uku a 2008.

Yadda ake gane na mai abu kuwa, duk ɗaya ne da namu. Kwafin magatakarda yana da tsabta, layi a miƙe, tawada iri ɗaya. Na mai littafi kuwa za ka ga ya soke kalma, ya ɗora wata a sama, ya bi gefe da ƙarin bayani har ya juya takardar, alƙalami ya canja a tsakiyar shafi saboda ya tashi ya dawo bayan wata guda. A nan kake ganin mutum yana tunani. Sannan ka ɗaga takardar ka saita ta da haske, za ka ga tambarin masana'anta a cikin jikinta, da shi ake kintatar shekaru. Takardar Italiya ce ta cika kasuwannin Usmaniyya a zamanin. Irin mai wata uku ɗin nan da muke gani a kundayen Kano da Sakkwato, ita ma daga yankin Benis take, ta biyo ta Masar da Tarabulus. Baban Hafsa, in ka ɗaga na Kaka ina kyautata zaton za ka gan su.

Akwai ma littafin da Bital ya rubuta wa kansa a Dimashƙa, na mafarkansa da abin da masu duba suka gaya masa, har da Larabawa a cikinsu. Ba a buga shi cikakke daga rubutun hannunsa ba sai 1954. Wannan kam ban jin ya taɓa son ido ya gan shi.

Abu Mus'ab:
Na ji bayanin ƙanwata Ɗalibar Tarihi, na gode. Ban canja ra'ayi a kan fifiko ba, amma maganar geniza ta sa na tuna takardun Alƙur'ani da aka samu a rufin babban masallacin San'a a 1972. Ashe dai al'adar ɗaya ce.

Ɗalibar Tarihi:
Ɗaya ce Yaya. A masallacin Umayyawa na Dimashƙa ma akwai ƙubbar da aka tara irinsu. Babbar geniza kuwa ita ce ta majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, wadda wani masani Solomon Schechter ya kwashe kusan guntaye 193,000 daga cikinta ya kai Kambirij a 1897. A cikin takardun genizar Alƙahira har an samu na Luriya kansa, ba na baɗini ba, na kasuwanci, don ya yi fatauci a Masar, har da na masoro. Mutumin da bai yarda ya rubuta sirrinsa ba, lissafin hajarsa ya tsira.

Alhajin Kumasi:
Abin da ban so shi ne na yanzu. Rubutun hannun manyan malamansu ya zama kayan gwanjo, masu kuɗi suna saye don tabarruki, wani ko karantawa ba zai yi ba, sai dai ya sa a gilashi. Gara na Bin Nun, shi don karatu ya biya.

Malam Ɗan Zaure:
Baban Hafsa, ina da tambaya, ka amsa mini tsakaninka da Allah. Baffanka ne ya ƙirƙiri hanin nan, ko Kaka ne ya bar wasiyya?

Baban Hafsa:
Allah Ya gafarta Malam, ka kama ni inda nake kaucewa. A cikin abin da ya tsira akwai gafaka ɗaya da take can sama, gara ba ta kai gare ta ba, waraƙa tamanin da wani abu. A bangon farko Kaka ya rubuta da ajami cewa kada a ba wanda bai yi karatu a gaban malami ba, kada kuma a sayar. Baffa bai yi ƙarya ba. Ya dai ɗauki maganar gafaka ɗaya ya shimfiɗa a kan adaka duka.

Gafakar tana hannunsa yanzu, a ɗakin da yake kwana. Ƙaramin ɗansa ya ce mini in ina so zai fito mini da ita ranar da Baffa ya tafi kasuwar ƙauye, in ɗauki hoto a mayar. Kwana uku ke nan ban ba shi amsa ba.

Ɗan Damagaram:
Kada ka yi. Wallahi kada ka mai da yaron nan Musa.

Malam Ɗan Zaure:
Kada ka yi, ɗana. Kaka bai ce kada a kwafa ba, cewa ya yi kada a ba wanda bai cancanta ba. Ka je wa Baffa da wannan. Ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka ce a yi kwafi biyu a gabansa, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin malamin da shi zai zaɓa. Mutumin da ya rufe fuska da riga ranar nan ba shi ne na shekara goma sha ɗaya da suka wuce ba.

Maman Walida:
In ya yarda, kada a yi da rana tsaka, kada a kunna fitilar waya. Inuwa mai haske, a shimfiɗa farin ƙyalle, a wanke hannu a bushe sosai. Waraƙa ɗaya-ɗaya, gaba da baya, kada a canja jerinsu ko da ka ga kamar sun hautsine. Waɗanda gara ta ci ma kada a zubar, ko gefen nan mai jar tawada, a sa kowanne tsakanin farar takarda biyu. A ɗaga gafakar daga ƙasa, a nisanta ta da bango, kuma ban da leda.

Baban Hafsa:
Na gode. Har yanzu ban iya kiran Bin Nun ɓarawo ba, Malam ya yafe mini. Amma na kira yaron na ce ya bari. Akwai abokin Kaka guda da ya rage, ya haura tamanin, Baffa ba ya iya ɗaga ido a gabansa. Asabar in Allah Ya kai mu zan fara biyawa ta gidansa da goro. Hajiya Maman Walida, farin ƙyallen nan, sabo ake so ko wankakke?

Maman Walida:
Wankakke, wanda ba a sa masa bula ko sitati ba.